Masu Saƙa Kurangar Inabi a Santorini

A ƙasar Girka, idan zafi ya kankama, baƙo ya zauna a gidan abinci na bakin teku ya nemi gasasshen kifi, mai hidima yakan ba shi shawarar farar giyar Santorini, wadda ake yi da inabin Assyrtiko, a kawo ta da sanyinta. Hujjarsu ita ce wannan inabi ba ya rasa tsaminsa komai zafin rana, ga ɗan gishiri-gishiri da yake bari a harshe. Mu da ba ma sha, abin dubawa shi ne gonar, da hannun da ya yi rainon inabin.

Tsibirin Santorini ko kaɗan bai yi kama da wurin noma ba. Kimanin shekara 3,600 da suka wuce dutse ya yi aman wuta ya binne shi da toka da tsakuwa mai ramuka. Ruwan sama kaɗan ne, da hunturu yake sauka, lokacin zafi kuwa ko ɗigo da wuya. Ga iskar arewa da suke kira meltemi, mai kwasar yashi tana watsa wa duk abin da ya ɗaga kai. Kurangar da aka ɗora bisa waya, irin ta gonakin Faransa, wuya za ta sha a nan.

Sai manoman suka hana ta miƙewa. Da hunturu, bayan ganye ya zube, manomi yakan durƙusa gaban kuranga da almakashinsa. Ba ya fara yanka sai ya duba: wane reshe ne ya yi ƙwari, wanne ne idanunsa suka cika (idanu su ne 'yan ƙullutun da sabon tsiro ke fitowa), wanne ya gaji. Ya datse yawancinsu, ya bar 'yan kaɗan. Sannan ya kama na farko ya lanƙwasa a hankali, ya zagaya da shi kamar zobe bisa saƙar bara, ya cusa bakinsa a ƙarƙashi, ya ɗauko na biyu ya bi sawu. In ya yi garaje reshe ya karye, amfaninsa ya tafi sai baɗi. In ya saƙa sako-sako, iska ta warware masa aiki. Babu ma'auni a hannunsa, yatsunsa ne ke gaya masa inda itacen zai tsaya. Idan ya gama, kurangar ta zama zobe kwance a ƙasa kamar ƙaton gammo. Sunansa kouloura.

Gwanintar tana wajen inda ya juya idanun. So yake nonnan inabi su rataya daga cikin zoben, ganye ya yi musu rumfa daga sama, rassa su tare musu yashi daga gefe. Da dare kuma hazo yakan taso daga teku, tsakuwar ta tsotse laimarsa, kurangar ta samu abin jiƙa maƙoshi. Shi ya sa ake ba kowace kuranga tazara mai yawa, kada su yi rububin ɗan abin da ke akwai.

Ƙasar da ta wahalar da su ita ta cece su. Ƙwaron phylloxera, wanda ya cinye saiwoyin gonakin inabin Turai a ƙarni na 19, ya kasa zama a tokar nan da ba ta da yumɓu. Don haka kurangar Santorini a kan saiwarta ta asali take. Idan zobe ya tsufa bayan shekaru da dama, sai a sare shi daga gindi, sabon reshe ya fito daga tsohuwar saiwa, a sake saƙa daga farko. Manomi na iya yi wa saiwar da kakansa ya tarar hidima.

Girbi a watan Agusta ake yi, shi ma a durƙushe. Mutum ya ɗaga ganye da hannu ɗaya, ya zura ɗayan da 'yar lanƙwasasshiyar wuƙa, ya yanko nono ya sa a kwando, ya ja gwiwa zuwa kuranga ta gaba. Inji ba shi da aiki a nan, kuma abin da ake samu a hekta bai taka kara ya karya ba.

A daidai wannan wata ne 'yan yawon buɗe ido ke cika garin Oia da ke tsibirin, kowa da waya a hannu, ana jiran faɗuwar rana. Kuɗinsu ya sa otal-otal na ta cin filayen noma, matasa da yawa sun gwammace ɗaukar jakunkunan baƙi, kuma masu gonaki na fama da neman wanda ya iya saƙar kafin hunturu ya zagayo.