Masu Gyaran Agogon Atomatik

Agogon atomatik ba ya amfani da batir. A bayansa akwai wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, juyin nan kuma shi ke naɗe sifirin ɗin da ke tafiyar da agogon. Kamfanin Rolex ya fito da irin ƙarfen da ke zagayawa gaba ɗaya a 1931, sannan agogon Seiko 5, da ya ɓullo a 1963, ya kai fasahar hannun talaka.

Idan agogon ya daina naɗe kansa, gwanin mai gyara ba ya gaggawar kwance shi. Yakan kara shi a kunne ya girgiza tukuna. In ya ji gurza, ya san boris ɗin ƙarfen ya ci, kuma da ya buɗe murfin baya zai tarar da zanen da ƙarfen ya bari. In ƙarfen yana yawo sumul amma sifirin bai naɗu ba, to matsalar tana cikin ƙananan giyoyin da ke tsakani: mai ya bushe ya daskare da ƙura, ko kuwa, a Seiko, wasu farce biyu masu ja da tura haƙoran giya sun dakushe.

A nan haƙurinsa ya cancanci jinjina. Gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannu, yana ɗaga sukurorin da ba su kai ƙwayar gero ba, ya wanke kowane, ya ɗiga mai da bakin allura, domin in ya yi yawa ɓarna ce. Bayan ya mayar, yakan ajiye agogon kwana ɗaya ko biyu ya ga tsawon lokacin da zai yi yana tafiya kafin ya miƙa wa mai shi.