Kangon Kakuri da Jemagun Tamale

Mai karatu, in ka taɓa kallon Mad Max, ka san yadda Turawa ke hasashen duniya bayan ta rushe: tsatsa, ƙura, tarkacen ƙarafa. To, akwai masu fasahar da ba ruwansu da kyamara. Tarkacen suke tarawa su girke a fili, ka shiga ciki da ƙafarka, ka taɓa, ka shaƙi warinsa.

Gwaninsu a yankinmu shi ne Ibrahim Mahama, ɗan Tamale ta ƙasar Ghana. A 2015 ya lulluɓe dogayen bango a birnin Venice da tsofaffin buhunan da suka ɗauki koko, daga baya suka koma na gawayi. Amma aikinsa da ya fi ratsa zuciya shi ne Nkrumah Voli-ni, wani rumbun kankare da aka yi watsi da shi bayan kifar da Nkrumah a 1966. Ya saye shi, ya tarar jemagu sun mayar da shi gida, bai kore su ba. Ya buɗe wurin a 2021, mutum da jemage kowa da rabonsa. Darasin ke nan: abin da muke kira kufai, wata halitta ta riga ta fara rayuwa a ciki.

Sai dai akwai abin dubawa. Buhun da ya sha gumin ɗan dako, in an rataye shi a Turai, yakan zama ado kawai ga mai kuɗi, a manta da ɗan dakon. Abin da ya wanke Mahama shi ne ya dawo da kuɗin Tamale ya gina wuraren da yara ke shiga kyauta.

Yanzu tsallaka gada ka shiga Kakuri. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya a 2002. Ciyawa ta ci harabarta, ma'aikata da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Wallahi wannan lokeshan ne da ba a sayensa da kuɗi, ga labari a kwance. Amma daraktocinmu sun fi son falon Alhaji da lambun rawa da waƙa.

Tsatsa ba ta jiran kowa, tsofaffin masaƙan da za su ba da labarin kuma kullum raguwa suke. Furodusoshi da marubuta, wa zai fara?