Fuska da Murya: Tsokaci a kan Rayuwar Surayya da Fim ɗin Mirza Galib

Gabatarwa

Finafinan Indiya ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima a Kano da wasu birane suka fara shigo da su, har ta kai ga Bahaushen da bai san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba yana iya rera waƙar fim daga farko zuwa ƙarshe. Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi rubuce-rubuce a kan wannan shaƙuwa da tasirinta. Sai dai akwai abin da mai kallo bai cika lura da shi ba, wato muryar da yake ji tana fita daga bakin tauraruwa, galibi ba tata ba ce. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar Surayya, ɗaya daga cikin mata na ƙarshe da suka haɗa wasa da waƙa a jiki ɗaya, sannan ta yi tarken fim ɗin Mirza Galib na 1954, domin a ga abin da fasaha ta samu da abin da ta rasa sa'ad da aka raba fuska da murya.

Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Surayya Jamal Shaikh ranar 15 ga Yuni, 1929, a lardin Punjab, amma a Bombai ta tashi, a gidan da kakarta ta wajen uwa ke da ta cewa a kan kowa. Tun tana ƙarama take waƙa a shirin yara na gidan rediyon Indiya. Wani kawunta mai suna Zahur, wanda ya saba fitowa a matsayin mugu, shi ne sanadin shigarta ɗakunan shirya fim, inda ta fito a matsayin Mumtaz tana yarinya a fim ɗin Taj Mahal. Mai tsara kiɗan nan Naushad ya ji muryarta, ya ba ta waƙa a fim ɗin Sharda na 1942, ta rera a madadin 'yar wasa Mehtab. An ce sai da aka ɗora ta a kan kujera kafin bakinta ya kai ga makirfo. Abin lura a nan shi ne, wadda daga baya ta zama alamar 'yar wasa mai waƙa da bakinta, da bayar da aron murya ta fara.

Ba ta yi karatun waƙa a gaban malami ba kamar yadda al'adar Indiya ta tanada. Duk da haka ta fito tare da K. L. Saigal, gwarzon mawaƙan fim na zamanin, a Tadbir (1945) da Umar Khayyam (1946) da Parwana (1947). A Anmol Ghadi (1946) na Mehbub Khan kuwa, ita ce ta biyu, Nur Jahan ce a gaba. Shekarar 1947 ta sauya komai: Saigal ya mutu a watan Janairu, aka raba ƙasa a watan Agusta, Nur Jahan da Khurshid suka koma Pakistan. Surayya ta zauna a Bombai, fage ya zama nata. Pyar Ki Jeet (1948) da Badi Bahen da Dillagi (1949) suka kai ta ƙololuwa, har masoya suna cika titi a ƙofar gidansu don su hange ta.

Yadda Aka Raba Fuska da Murya

Fim mai magana ya fara a Indiya da Alam Ara a 1931, kuma da waƙoƙi bakwai ya zo. A lokacin, ana ɗaukar hoto da sauti ne a tare, saboda haka dole ɗan wasa ya iya waƙa, makaɗa kuma su ɓuya a inda kyamara ba ta ganin su. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya gwada wata dabara a fim ɗin Dhoop Chhaon: a naɗi waƙa tukuna, sannan a sa ta ɗan wasa yana motsa baki. Da farko muryar ɗan wasan ake yawan naɗa. Sannu a hankali aka gane cewa tunda waƙa daban ake ɗaukar ta, babu abin da zai hana a nemo mai kyan fuska daban, mai zaƙin murya daban.

Shekarar 1949 ce ta yanke hukunci. A cikinta Lata Mangeshkar ta yi waƙa a Mahal da Barsaat da Andaz, kuma a kan faifan garmaho na shahararriyar waƙar Mahal ba a ma rubuta sunanta ba, sunan tauraruwar labarin aka sa. Jama'a ne suka matsa da tambayar ko wace ce mai wannan murya. Wani abin sha'awa shi ne, a Badi Bahen an haɗa tsarin biyu a fim guda: Surayya tana rera nata da bakinta, Lata tana rera wa Gita Bali. Ke nan a daidai shekarar da tauraronta ya fi haske, a nan ne kasuwar irin sana'arta ta fara watsewa.

Adalci ya sa a faɗi ribar aron murya. Ya ba mai shirya fim damar zaɓen 'yar wasa saboda iya wasanta kaɗai, ya ba mai tsara kiɗa damar rubuta karin da sai gwani ke iya hawa, ya kuma buɗe fagen rawa, don mai tsalle-tsalle ba ta da numfashin jan baiti. Haka kuma muryar Surayya ba ta da faɗin ta Nur Jahan, ba ta kai tashin ta Lata ba, kuma da yawa daga finafinanta labari ɗaya ne ake sauya wa riga. Amma tana da abin da aro ba ya bayarwa: muryar da ta yi magana a wannan fitowa ita ce ke waƙa a ta gaba, da irin numfashinta da lafazinta, ta yadda mai kallo ba ya jin an tsallaka daga zance zuwa waƙa.

Tarken Mirza Galib

Mirza Asadullah Khan Galib (1797 zuwa 1869) shi ne fitaccen marubucin waƙoƙin Urdu da Farisanci na ƙarshen daular Mughal, a zamanin Sarki Bahadur Shah Zafar. Sohrab Modi ne ya shirya fim ɗin rayuwarsa, Sa'adat Hasan Manto ya samar da labarin, Rajinder Singh Bedi ya rubuta zantukan, Ghulam Muhammad ya tsara kiɗan. Manto da Bedi duka manyan marubutan gajerun labarai ne na Urdu, don haka fim ne da adabi ya haifa. Tushen labarin soyayyar da ke cikinsa wata 'yar magana ce da Galib ya yi a ɗaya daga cikin wasiƙunsa, inda ya ambaci wata zabiya da ya so a ƙuruciya, ta mutu. Daga wannan ƙwaya aka gina Moti Begum, wadda Surayya ta fito a madadinta.

Jigon fim ɗin, a nawa ganin, ya wuce soyayya. Magana ce a kan yadda rubutacciyar waƙa ke isa ga jama'a. A farkon fim Galib ya karanta waƙarsa a taron mawaƙa na fada, ba ta karɓu ba, don ana ganin ta cika tsauri. Yana komawa gida cikin ɓacin rai sai ya jiyo mace tana rera baitocinsa. Abin da fadawa suka kasa ganewa a karance, sai ga shi ya yi rai a bakin zabiya. Ɗalibin Hausa ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, domin Imfiraji ta Aliyu Namangi ta bakin makafi da mabarata masu rera ta ƙofa-ƙofa ta shiga gidaje, har waɗanda ba su taɓa ganin littafinta ba suka haddace ta.

Nau'in waƙar da Galib ya shahara da shi shi ne gazal. Zubinta ƙwar-biyu ne, kowane baiti yana cin gashin kansa ta fuskar ma'ana, amma amsa-amo ɗaya ya ɗaure su, sau da yawa kuma akwai kalma ko yankin jimla da ake maimaitawa bayan amsa-amon a ƙarshen kowane baiti. Gwanintar mai rerawa tana ga yadda zai riƙe ɗango na farko har mai sauraro ya ƙagu, sannan ya sako na biyu. A nan ne ƙarancin ƙawar muryar Surayya ya zame mata jari. Ba ta lanƙwasa kalma har ta ɓata, kowane harafi yana fita daga mafitarsa, tana tsayawa inda ma'ana ta tsaya. Da yake kuma ita ce a gaban kyamara, inda muryar ta raunana nan idon yake sunkuyawa.

Fim ɗin da kansa ya ba mu ma'auni. Bharat Bhushan ne ya fito a matsayin Galib, amma Talat Mahmud ne ya rera masa. A waƙar da suka yi tare, namiji yana motsa baki da muryar aro, mace tana waƙa da tata. Talat gwani ne ƙwarai, amma mai lura zai ga cewa a gefen Galib mutum biyu ne ke aiki ɗaya, a gefen Moti Begum kuwa mutum ɗaya ce. Fim ɗin ya ci lambar zinariya ta Shugaban Ƙasa, kuma an ruwaito cewa Firayim Minista Nehru ya yaba mata da cewa ta rayar da ruhin Galib.

Duk da haka fim ɗin yana da rauni. Moti Begum ba ta da wani buri nata na kanta. An halicce ta ne don ta ɗauki kalmomin namiji, ta sha wuya dominsa, ta mutu. Matar Galib ta aure, wadda Nigar Sultana ta fito a madadinta, ita ma haƙuri kawai aka ba ta. Haka nan an tausasa Galib na tarihi, mai ba'a da alfahari da kaifin harshe, aka mai da shi masoyi mai sanyin hali. Saboda haka wanda ke neman tarihi, sai ya koma ga wasiƙun mawaƙin.

Ja da Baya

Tsakanin 1948 da 1951 Surayya ta yi finafinai bakwai da Dev Anand, soyayya ta shiga tsakaninsu, kakarta ta hana auren saboda shi Hindu ne ita Musulma, a ƙasar da jinin rabuwa bai gama bushewa ba. Ba ta yi aure ba har ƙarshen rayuwarta. 'Yan jarida sun fi son wannan babi, har ya so ya danne aikinta, alhali abin da ya rage mata kasuwa sauyin sana'ar ne. Fim ɗinta na ƙarshe shi ne Rustam Sohrab (1963), wanda aka ciro daga Shahnama ta Firdausi. Tana da shekara 34 ta bar wasa, kuma ba ta koma bayan labule tana ba wasu aron murya ba, kamar yadda Nur Jahan ta yi a Pakistan. Ta rasu a Bombai ranar 31 ga Janairu, 2004.

Kammalawa

Lokacin da finafinan Indiya suka kafu a ƙasar Hausa, aron murya ya riga ya zama doka. Wannan ne ya sa aka san Nargis ta Mother India (1957) da waɗanda suka biyo bayanta, sunan Surayya kuwa bai yi tashe ba. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, tsarin da suka gada ke nan: mawaƙiya a situdiyo, 'yar wasa a gaban kyamara. Ba laifi ba ne, amma ya ɗora wa mai tarke nauyi. Idan zai yi nazarin waƙar fim, wajibi ne ya tambayi wanda ya rubuta, da wanda ya rera, da wanda ya motsa baki, ya ba kowa haƙƙinsa, kada ya maimaita abin da aka yi wa Lata a faifan Mahal. Ga ɗalibanmu masu rubuta waƙa kuma, Mirza Galib yana tuna musu cewa baiti bai kammala ba sai an ji shi a baki. Wanda ya rubuta, ya rera da ƙarfi, zai ji inda kari ya karye kafin wani ya jiye masa.