Sharhi a Kan Awon Saurin Manhajojin Gina Shafukan Intanet

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba awon da kamfanin TechEmpower ya soma a shekarar 2013, inda ya jera manhajojin gina shafukan intanet, irin su Django da Spring da ASP.NET Core, bisa yawan buƙatun da kowace ke amsawa a daƙiƙa guda. Tambayarmu ita ce: shin da mudu ɗaya aka auna su?

2.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Wajibi ne a yaba wa masu awon, domin sun gwada kowace manhaja a kan injuna iri ɗaya, suka kuma bayyana tsarin gwajin ga jama'a. To amma daidaita injuna ba shi ne daidaita kaya ba. Alal misali, a gwajin Fortunes, wanda ya ƙunshi karanto bayanai daga rumbu da tsara su a shafi, an sami samfurin ASP.NET Core da aka sauke wa kaya domin gasar, har ya sha bamban da wanda masu sana'ar ke aiki da shi kullum. Ita kuwa Django ta bi hanyarta ta yau da kullum wajen karanto bayanan da tsara shafin. Wato an haɗa dokin sukuwa da jakin kaya a tsere ɗaya ke nan.

3.0 Kammalawa

Saboda haka, duk malamin da zai kafa hujja da wannan jadawali, ya fara tambayar irin kayan da kowace manhaja ta ɗauka. Hukumar da ta yi zaɓe bisa matsayi kurum, ba ta gwada da aikinta na zahiri ba, tana iya sayen saurin da ba za ta taɓa gani ba.