Farin da Girkawa ba su sani ba

A littattafan tarihi da ake koyarwa da su, mutum-mutumin Girka kullum fari ne fat, idanunsa babu ƙwaya. Ɗalibi yakan tashi da zaton haka Girkawa suka so shi. Kuskure ne, kuma ya daɗe yana yawo.

Masassaƙan Girka sukan shafa wa aikinsu launi. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Farisawa suka ƙone tudun Akrofolis na birnin Atina, daga baya mutanen gari suka binne sassaƙe-sassaƙen da aka farfasa. Da aka tono su a 1886, sai ga sauran launi a gashi da idanu da tufafin ƴan matan dutse, ciki har da wadda ake kira Peplos Kore, aikin wajejen shekara ta 530. Ƙasa ta adana abin da rana da ruwan sama suka wanke daga jikin saura.

Aikin tagulla ma haka yake. An narke mafi yawansa tun da daɗewa. Mai Jifan Faifai na Miron ba a san shi ba sai ta kwaikwayon da Rumawa suka yi. Amma mayaƙa biyu da aka tsamo daga teku kusa da Riace, a Italiya, a 1972, leɓunansu na jan ƙarfe ne, ɗayan kuma haƙoransa azurfa.

To, daga ina farin ya fito? Masanin Jamus Winckelmann, a littafinsa na 1764, ya dogara ƙwarai da kwaikwayon Rumawa wanda launinsa ya riga ya goge, ya mai da fari ma'aunin kyau. Wannan ra'ayi ya yi ɓarna: a 1937 da 1938, a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, an kankare duwatsun Partenon da kayan jan ƙarfe domin su ƙara haske.

Baje kolin da Vinzenz Brinkmann ya shirya a Munik a 2003 ya mayar wa kwafin waɗannan ayyuka launinsu. Shi ma bai rasa abin suka ba: launin ya yi kauri, ya danne lallausan aikin masassaƙi, kuma akwai kintace a ciki. Duk da haka ya fi farin kusa da gaskiya. Malamin da ya nuna wa aji hoton farin dutse, ya kamata ya faɗa musu cewa rabin aikin suke gani.