Waƙoƙin da Aka Ce An "Gano": Sharhi a kan Wasu Faya-fayan Sahel Sounds

Tsakanin 2011 da 2013 kamfanin Sahel Sounds, wanda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya kafa, ya fitar da faya-fayai uku da suka cancanci kulawar masu nazarin waƙa. Akwai Music from Saharan Cellphones na 2011, wato tarin waƙoƙin da aka kwaso daga wayoyin jama'a a Kidal ta ƙasar Mali. Akwai Harafin So na 2013, wanda ya ƙunshi waƙoƙin finafinan Hausa. Sannan akwai La Musique Électronique du Niger na Mamman Sani, shi ma a 2013. Sigoginsu sun bambanta ƙwarai, amma abu guda ya haɗa su, shi ne yadda masu sharhi a Turai da Amurka suka karɓe su a matsayin kayan da suka ɓata aka gano. Wannan kalma ta ganowa ita ce ke bukatar a tsaya a kanta.

Faifan Mamman Sani ya fi sauran fito da matsalar fili. A 1978 aka naɗi kiɗan a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, da ogan na lantarki ƙirar Italiya, irin abin da jama'a ke kira fiyano, kuma kaset ɗin da aka buga bai yi yawa ba. To amma kiɗan bai taɓa ɓata ba. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa shi a tsakanin shirye-shirye, har ya zauna a kunnen mutanen da ba su san sunan mai shi ba. Ga irin wannan mai sauraro, sautin yana tafe da lokacin da ake jinsa, da tsakar gidan da akwatin rediyon yake, da mutanen da aka saurara tare, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Baƙon kunne kuwa abin da yake ji shi ne kamannin kiɗan da na lantarkin Turai na wancan zamani. Duka biyun ji ne na gaskiya, sai dai na biyun ne kaɗai ya shiga rubutu.

Haka lamarin Mdou Moctar yake, ko da yake ta wata fuska. A Sakkwato ya naɗi Anar a 2008, da harshen Tamashek, amma da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun ratsa sahara daga waya zuwa waya kafin ɗaya daga cikinsu ta shiga faifan 2011. Abin da dubban mutane ke ɗauke da shi a aljihu, da wuya a kira shi ɓoyayye.

Duk da haka, ba adalci ba ne a tsaya ga zargi. Sake bugawar ta mayar wa Mamman Sani sunansa a kan aikinsa, ta kuma buɗe masa hanyar yin wasa a Turai bayan ya manyanta. Idan akwai sakaci, a nazarinmu na gida yake. Ma'aunan da aka saba feɗe waƙa da su, wato jigo da salo da zubi da tsari, an gina su ne a kan baitocin da za a iya rubutawa, don haka suka dace da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata. Kiɗan da ba shi da baiti ko ɗaya ba shi da gurbi a cikinsu. Waƙar fim kuwa, wadda take da baitocin, an daɗe ana kallonta a matsayin kwaikwayon Indiya kawai, alhali Harafin So ya nuna cewa ƙafiya da karin maganar da ke cikinta na Hausa ne.

Babban raunin faya-fayan shi ne sun adana sauti, sun bar shaidar masu sauraro. Waɗanda suka tashi da kiɗan Mamman Sani a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna nan da ransu, kuma hira da su aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka.