Koyo ta Hanyar Aiki a Aji: Inda Yake Amfani da Inda Yake Tuntuɓe

A shekarar 1896 masanin falsafa John Dewey ya buɗe wata 'yar makaranta a ƙarƙashin Jami'ar Shikago da ke Amurka, da yara 16 kacal. Yaran suna girki, suna sassaƙa, suna shuka a lambu, suna kaɗi da saƙa. A littafinsa The School and Society na 1899 ya ba da labarin wani darasi da aka ba yara auduga da gashin tumaki domin su mai da su zare. Wani rukuni ya shafe rabin awa yana cire angurya da hannu, amma audugar da suka tsabtace ba ta kai giram 30 ba. Nan take yaran suka gane da kansu dalilin da ya sa kakanninsu suka daɗe suna sa tufafin ulu kafin na auduga su yawaita. Daga nan hanya ta buɗe wa malami ya kai su ga injin gurza da Eli Whitney ya ƙera a 1793, ga tsawon silin auduga da na ulu, ga yanayin ƙasashen da ake noma ta. Tarihi da kimiyya da labarin ƙasa duk sun fito daga ƙullin auduga ɗaya.

Wannan shi ne ruhin koyo ta hanyar aiki: a ɗora wa ɗalibai wata matsala ta gaske, su yi makonni suna bincike da gwaji, su fito da abin da za a gani a taɓa, ilimin da manhaja ke so ya shiga ta cikin aikin. Amfaninsa a fili yake. Yaron da ya yi fama da angurya ya riga ya mallaki tambaya kafin a ba shi amsa, kuma amsar da ta tarar da tambaya tana jiranta ba ta saurin gudu daga kai. Yawancin abin da muke haddacewa don jarrabawa amsoshi ne na tambayoyin da ba mu taɓa yi ba, shi ya sa suke zubewa da an fito daga zaure.

Sai dai tarihin wannan hanya cike yake da tuntuɓe, kuma mai son ta da gaske bai kamata ya ɓoye hakan ba. A 1918 William Kilpatrick na Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya ya wallafa maƙalarsa The Project Method, wadda ta bazu ƙwarai. Shi ya ɗora nauyin a kan sha'awar yaro da niyyarsa, har wasu mabiyansa suka ɗauka aikin malami shi ne ya koma gefe ya zuba ido. Dewey da kansa, a littafinsa na 1938, Experience and Education, ya soki wannan sakaci, ya nuna cewa ba kowane abu da yaro ya yi ne yake ilimantar da shi ba. Tarayyar Sobiyet ta rungumi hanyar a shekarun 1920, amma a 1931 kwamitin tsakiya na jam'iyya mai mulki ya yi watsi da ita bisa ƙorafin cewa yara suna fitowa ba su da tushen karatu da lissafi.

A Afirka ma an gwada. A 1967 Shugaba Julius Nyerere ya fitar da manufar ilimi don dogaro da kai a Tanzaniya, makarantu suka buɗe gonaki da wuraren kiwo. Tunanin mai kyau ne: gonar ta zama wurin koyon awo, lissafin riba da ilimin ƙasa. Amma a wurare da dama gonar ta koma wajen noma kawai, darasi na aji, fartanya na waje, babu abin da ya haɗa su, ga kuma jarrabawar shiga sakandare tana nan a kan takarda yadda take. A Nijeriya tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka horar. Abin da ya rage mana a firamare da sunan aikin hannu sau da yawa shi ne yaro ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa ya kawo a ba shi maki. Wannan yana ci mini rai, domin darasin da yaron ya koya a ranar shi ne ana iya sayen sakamako.

Binciken zamani ya ƙara fayyace inda gizo ke saƙar. A 2006 masu bincike Kirschner da Sweller da Clark suka yi bayanin cewa ƙwaƙwalwar mai koyo ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka wanda bai da tushe, idan aka sake shi ya gano komai da kansa, ruɗewa yake yi. Wani gwajin wannan hanya da aka yi a Ingila, wanda rahotonsa ya fito a 2016, bai ga wani ci gaba a fili a karatu da rubutun 'yan shekarar farko ta sakandare ba, har ma akwai alamar cewa 'ya'yan talakawa sun ja baya, ko da yake makarantu da dama sun fice kafin a kammala, abin da ya rage ƙarfin sakamakon. A ɗaya ɓangaren, gwajin da aka yi a makarantu 46 na jihar Mishigan ta Amurka, wanda aka bayyana a 2021, ya nuna 'yan aji uku na firamare da suka koyi kimiyya ta hanyar aiki sun zarce takwarorinsu a jarrabawa. Abin lura a Mishigan shi ne an tsara darussan daki-daki, an horar da malamai, an ci gaba da bibiyarsu.

A nan nake ganin hukuncin yake. Hanyar tana ƙara wa malami aiki ne, ba ta rage masa. Duk wanda ya zauna a maƙera ya san maƙeri ba ya miƙa wa sabon yaro guduma ya ce ƙera garma. Zugazugi yake fara ba shi, yana nuna masa launin ƙarfe idan ya nuna, yana gyara masa hannu. Haka aikin aji yake so: a koyar da abin da ya wajaba a koyar kai tsaye, sannan a ba da aikin da ba zai yiwu ba sai da wannan ilimin.

Kuma ba sai da injin ƙasar waje ba. Malamin aji shida na iya tambayar ɗalibansa ruwa nawa makarantarsu ke sha a mako. Su auna bokiti da jarka, su ƙirga, su zana jadawali, su tambayi mai kurar ruwa farashi, su lissafa kuɗin wata, su rubuta wa hedimasta da ƙungiyar iyaye wasiƙa da shawararsu. Awo, ninkawa, kaso cikin ɗari, tsabta da rubutun wasiƙa duk suna cikin manhaja. Ko ajin da ya cika maƙil ana iya raba shi rukuni-rukuni, in dai kowane yaro zai tashi ya yi bayanin abin da ya yi, don kada hazikai biyu su ɗauke aikin saura su sa suna.

Ga masu tsara manhaja da hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO, da kwalejojin ilimi, roƙona shi ne a fara daga malami. A sa ɗalibin koyon malanta ya tsara irin wannan aiki ya gudanar da shi lokacin gwajin koyarwa, a kuma ware maki na gaske ga aikin da yaro ya kare da bakinsa a gaban malamai. Muddin jarrabawa hadda kaɗai take tambaya, malami hadda zai koyar, kuma ba za a ga laifinsa ba.